Shawara a Jikin Bakwaini: Yadda Ake Dubawa Kafin Ranar Suna

Ɗan'uwa ɗalibi, idan ka je gida hutu, a ce Tsanyawa ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, ka tarar an yi haihuwa, to ga wani darasi da zai iya ceton rai. Kusan kashi 60 cikin 100 na jariran da suka cika wata tara suna yin shawara a makon farko. A bakwaini kuwa, wato wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, abin ya kai kashi 80.

Me ke kawo ta?

Idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, sai su bar wani sinadari rawaya mai suna bilirubin. Hanta ce ke fitar da shi, ta bakwaini kuwa ba ta yi ƙwari ba. In ya taru da yawa sai ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, ko ma ya yi ajalinsa. Matsalarmu ita ce, kwanakin nan ne jariri yake ƙudundune a ɗakin jego mai duhu.

Yadda ake dubawa

1. A kawo shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, ba fitila ba. A yi sauri, don bakwaini ba ya jure sanyi.
2. A duba farin ido da dasashi.
3. A danna goshi ko hanci da yatsa, a saki, a ga ko wurin ya yi rawaya.
4. A bi jiki zuwa ƙasa. Tun 1969 likita Kramer ya nuna cewa shawara daga kai take farawa, ta sauko ƙirji, ciki, ƙafafu. In ta kai tafin hannu da na ƙafa, abin ya yi tsanani.

A riƙa yin haka kullum har a yi suna. Amma fa ido yana yaudara, musamman a baƙar fata. Gwajin jini ne kaɗai ke faɗin gaskiyar adadin. Saboda haka bakwaini in dai ya yi rawaya, asibiti kawai.

Alamun gaggawa

Rawaya a awa 24 na farko, ƙin kama nono, yawan barci, kuka mai tsini, banƙarewa, kashi fari-fari, ko shawarar da ta wuce kwana 21.

Abin da za a guje wa

Kada a sa kafur a kayan jariri, kada a shafa masa lalle ko man zafi. Yara da yawa a Najeriya suna da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma waɗannan abubuwa suna farfasa musu jini. Jiƙe-jiƙe da shanya jariri a rana ba magani ba ne. A ci gaba da ba shi nono.

Maganinta a asibiti shi ne shuɗin haske na musamman, in ta yi tsanani a canja jini, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan Inna ta ce a bari sai bayan suna, ka lallashe ta cikin ladabi a tafi a ranar.