Ƙuma a Jikin Kare: Amfanin Man Ƙamshi da Haɗarinsa

Mafarauta da makiyaya da masu gadin gida duk suna ajiye karnuka, kuma inda kare yake, ƙuma ba ta nisa. Ana sayar da waɗansu 'yan kwalabe na man ƙamshi, ana cewa maganin ƙuma ne. Ya kamata hakimai da malamansu su san gaskiyar wannan al'amari, domin su faɗakar da dagatai da masu unguwa.

1. Halin ƙuma

Ƙuma jini take sha. Macen takan yi ƙwai har 50 a rana ɗaya, amma ƙwan ba ya manne wa gashi, sai ya zube a makwancin kare da cikin ƙura. A nan yake ƙyanƙyashewa ya zama tsutsa, sa'an nan ya naɗe kansa cikin kwasfa, ya fito ƙuma. Da zafi da laima, mako 3 ya isa a gama wannan duka, amma wadda ke cikin kwasfa tana iya jira watanni. Saboda haka ƙumar da ake gani a jikin kare kaɗan ce ƙwarai bisa ga wadda ke ɓoye a ƙasa.

Ɓarnarta ba ƙaiƙayi kaɗai ba ne. Takan shanye jinin ɗan kwikwiyo har ya mutu. Takan kuma ɗauki wata irin tsila, in ƙaramin yaro mai wasa a ƙasa ya haɗiye ta, tsilar ta shige shi.

2. Abin da man ƙamshi yake yi

Man ƙamshi shi ne wanda ake fitarwa daga ganye ko fure ta hanyar tururi, kamar na itacen turare, da na ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi. Ƙuma ba ta son warinsa, takan guje shi. Amma fa man yana tashi cikin iska da sauri, bayan 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya tafi. Ba ya kuwa taɓa ƙwan da ke ƙasa. Man dogon yaro dabam ne, gama matse 'ya'yansa ake yi. A cikinsa akwai sinadarin da masana suka ware a shekarar 1968, wanda ke hana ƙwari girma. Shi ma taimako ne kurum.

3. Haɗarinsa

Ba kowane abin da ya fito daga tsiro ke da lafiya ba. Man yana ratsa fata, kare kuma yana lasar jikinsa. A Amurka an tattara labarin karnuka da kyanwoyi 443 da suka sha wahala tsakanin 2002 da 2012 saboda tsantsar man wani itace na ƙasar Ostireliya. Alamun su ne dalalar miyau, da kasala, da tangaɗi, da makyarkyata. Kyanwa ta fi kare rauni a nan, domin hantarta ba ta iya sarrafa irin wannan mai sosai.

4. Abin da za a gaya wa jama'a

(a) Kada a shafa tsantsar mai, kada kuma a ɗura wa kare shi.

(b) Wanda ke son gwadawa ya fara tambayar malamin dabbobi. In ya yarda, kada a wuce ɗigo 1 cikin ƙaramin cokali na man gyaɗa, a gwada a ɗan wuri tukuna, nesa da ido da baki da miki.

(c) Kada a sa wa kwikwiyo, ko karya mai ciki, ko kyanwa.

(d) In an ga alamun da aka ambata, a wanke kare da sabulu da ruwa nan da nan, a kai shi asibitin dabbobi tare da kwalbar.

(e) Kowane mako a share makwancin kare, a ƙone sharar, a wanke buhun da yake kwanciya a kai da ruwan zafi, a shanya a rana. Rana da bushewa suna kashe tsutsar.

(f) In ƙuma ta yi yawa, a nemi maganin da likitan dabbobi ya amince da shi.

Tsintsiya da rana sun fi kwalba aiki, ba su kuwa cin ko kwabo. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban sarakunan farauta da arɗaɗe, malamai kuma su rubuta sunan duk ƙauyen da ƙuma ta addaba, su aika wa ofishin dabbobi mafi kusa.