Na'urar Juya Jini da Yadda Ake Kula da Ita

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ciki har da Tungar Daji. Ɗaya daga cikin illolin dalma shi ne ƙarancin jini, kuma a ƙananan asibitoci da na'urar juya jini ake auna shi.

Akan zuba jini a siririn bututun gilas, na'urar ta juya shi kimanin sau 12,000 a minti ɗaya, har tsawon minti 5. Jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan jini ya tsaya sama, sai a auna tsawon jan.

To, ina haɗarin yake? Idan burushin gawayi na injin ya cinye, ko ƙurar hunturu ta shiga boris, gudun na'urar yakan ragu. Ƙwayoyin ba za su matse sosai ba, jan ya yi tsawo, a ɗauka yaro yana da isasshen jini alhali ba shi da shi.

Saboda haka ɗalibi ya kiyaye waɗannan:

1. A jera bututu biyu-biyu suna fuskantar juna, domin nauyin da ya karkata yana cin boris.
2. A cire wuta kafin a duba burushi, a sauya wanda ya gajarce.
3. A rufe na'urar bayan aiki.
4. A gwada ta: a sake juya bututun minti ɗaya. Idan jan ya ƙara sauka, juyin farko bai wadatar ba, sai a nemi mai gyara.