Darasi: Bincike Kafin a Miƙa Yaro ga Gwajin Magani

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da ake yawan kawo wa limamai a gundumar Madarunfa: idan ma'aikatan lafiya suka zo gari suna neman a sa jariri cikin gwajin wani sabon magani, uba ya yarda ko ya ƙi? Amsarmu ita ce, bai kamata ya yi ko ɗaya ba sai ya bincika. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurat ta hore mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama. Ɗa kuwa amana ne a wuyan mahaifinsa.

Tsoron da jama'a ke yi ba banza ba ne. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga waɗanda aka ba wani maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musa. Shari'a ta ja har 2009, sannan aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma ɓarnar ta wuce kuɗi: da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe maƙwabta. A 1996 uban da ke Kano ba shi da wata taska da zai buɗe ya ga wane ne ke gwajin, da kuma dalilinsa. Yau akwai.

A shekarar 2000 hukumar lafiya ta Amurka ta buɗe wani kundi a intanet mai suna ClinicalTrials.gov, inda ake rubuta gwaje-gwajen magani da ake yi a kan mutane a ƙasashe daban-daban. Kowane gwaji ana ba shi lamba mai farawa da haruffan NCT. Daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina buga sakamakon gwajin da ba a rubuta shi cikin irin wannan kundi ba tun farko. Afirka ma tana da nata, PACTR, a Afirka ta Kudu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shafin ICTRP wanda ke tattaro kundayen wuri ɗaya.

Mu ɗauki misali daga ƙofar gidanmu. Wanda ya rubuta lamba NCT02145000 cikin kundin farko, zai iske gwajin da aka fara a nan Madarunfa a 2014. Cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar likitocin MSF, ita ta gudanar da shi tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasa. Riga-kafi ne na ɗigo, na wata ƙwayar cuta mai suna rota wadda ke sa jarirai gudawa da amai har ruwan jikinsu ya ƙare. Wani kamfani na Indiya ya haɗa shi ta yadda zai jure zafi, ya yi watanni ba tare da firji ba, kuma duk wanda ya san watan Afrilu a jihar Maraɗi ya san darajar wannan. An ɗiga wa jarirai sau uku, a sati 6 da 10 da 14 na haihuwa. Rabinsu aka ba riga-kafin, rabi aka ba abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Wannan wuri ne da mutane ke ruɗewa, suna cewa ha'inci ne. Ba ha'inci ba ne matuƙar an faɗa wa iyaye tun farko, domin in ba a kwatanta ba, ba za a gane ko magani ne ya yi aiki ko yaron ne dama ba zai kamu ba. Cikin jarirai 3,508, an sami gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota ga 31 daga ɓangaren riga-kafi, ga 87 daga ɗaya ɓangaren. An buga sakamakon a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da riga-kafin a 2018.

Akwai wani gwajin da ya gabaci wannan, shi ma a Madarunfa, tsakanin 2012 da 2013, a kan ba yara masu tamowa maganin amoksisilin. Sakamakon ya nuna bai ƙara yawan masu warkewa daga tamowar ba yadda ake zato, ko da yake ya rage masu buƙatar a kwantar da su asibiti. Haka aka buga shi a 2016, ba a ɓoye ba. A wurinmu wannan alama ce ta masu gaskiya, kuma dalilin kafa kundin ke nan: wanda ya rubuta alkawarinsa a gaban duniya kafin ya fara, zai yi masa wuya ya binne sakamakon da bai yi masa daɗi ba.

Sai dai a lura. Ganin gwaji cikin kundi ba shaida ba ce cewa maganin yana da kyau. Masu gwajin ne da kansu ke rubutawa. Abin da kundin ke ba mu shi ne sunan mai ɗaukar nauyi, da sunan maganin, da garuruwan da za a yi, da shekarun yaran da za a ɗauka. To, sai mu auna wannan da abin da aka faɗa mana a ƙofar maigari. In an ce ɗigo ne kundi ya ce allura, ko aka kasa ba mu lamba sam, sai mu dakata mu tafi wurin babban likitan gunduma. Haka nan wanda ya yaɗa cewa maganin hana haihuwa ne alhali bai duba komai ba, ya sani in wani yaro ya rasa kariya saboda maganarsa, za a tambaye shi.

Shafukan nan da Turancin Ingilishi suke, yaranmu kuwa Faransanci suka karanta. Saboda haka muna shawartar kowane masallacin Juma'a ya ware ɗalibi ɗaya ko malamin asibiti amintacce mai jin Ingilishi, wanda za a kai wa lambar ya duba a wayarsa. A rubuta sunan gari yadda Nasara ke rubuta shi, Madarounfa ko Maradi, in ba haka ba kundin ba zai gane ba. Uba kuma ya nemi a karanta masa takardar yarda da Hausa, uwar yaron tana zaune, ya tambayi wa zai ɗauki nauyin jinya in yaron ya sami matsala, ya kuma san yana da ikon janye ɗansa duk ranar da ya so ba tare da an hana shi magani a asibiti ba.

Allah ne mafi sani.