Mace a Fagen Wasan Kwaikwayo: Nazari a Kan Rayuwar Zalika Sule

1.0 Gabatarwa

Idan ana nazarin wasan kwaikwayo, an fi mayar da hankali ga marubuci da jigo da zubi da salo, a bar ɗan wasa a baya, alhali kuwa shi ne yake ɗaukar abin da aka rubuta ya sa masa rai a gaban jama'a. Wannan darasi zai dubi 'yar wasa, wato macen da ta fito a dandamali ko a majigi, da irin matsayin da al'umma take ba ta. An zaɓi Zalika Sule ta Jamhuriyar Nijar, wadda ake rubuta sunanta Zalika Souley a rubutun Faransanci, domin ana lissafa ta a sahun farko na matan da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Ko da yake da Zabarmanci da Faransanci aka yi yawancin fina-finanta, al'ummar da ta rayu a cikinta ba baƙuwa ba ce ga Bakatsine. Addini ɗaya ne, al'adun aure da na kunya sun yi kama, ga kuma zumuncin tarihi da ya haɗa Katsina da Maraɗi. Saboda haka abin da ya same ta madubi ne na duba halin 'yan wasa mata a ƙasar Hausa.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana matsayin mata a wasannin kwaikwayon Hausa na gargajiya da na zamani;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin Zalika Sule da muhimman fina-finanta;
(c) bambance ɗan wasa da halin da ya fito da shi;
(d) amfani da wannan fahimta wajen shirya wasa a makaranta.

2.0 Mata da Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Hausa

Mata ba baƙi ba ne a wasan kwaikwayon gargajiya. Tun suna ƙanana 'yan mata suke wasan 'yartsana, inda suke kwaikwayon aure da haihuwa da zaman gida. A watan azumi suna da nasu wasannin tashe. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, wanda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, su nuna halayensu cikin raha. Sai dai dukkan waɗannan wasanni suna da lokacinsu da muhallinsu, kuma da zarar an tashi kowa ya koma matsayinsa. Babu wadda ta ɗauke su hanyar cin abinci.

Da wasan kwaikwayo na zamani ya shigo ta hanyar makarantun boko da rediyo, sai al'amarin ya canza. Wasanni irin su "Jatau Na Kyallu" na Shu'aibu Maƙarfi, da "Uwar Gulma" na Mohammed Sada, da "Kulɓa Na Ɓarna" na Umaru Ɗanjuma Katsina, duk sun ɗora nauyin labarinsu a kan mata. To, amma wace ce za ta yarda ta hau dandamali a matsayin Kyallu, karuwar da ta tsiyata Jatau? A makarantun maza, ɗalibi namiji ne yakan ɗaura zane da kallabi ya fito a mace. A rediyo murya kaɗai ake ji, don haka akwai sutura. Fim da talabijin ne suka yaye wannan sutura, domin sun nuna fuskar mace ga dubban mutanen da ba su san ta ba. Daga nan ne matsalar ta samo asali.

3.0 Haihuwarta da Shigarta Harkar Fim

An haifi Zalika Sule a birnin Yamai ranar 7 ga Oktoba, 1947, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa. Ta tashi daidai lokacin da harkar fim take tsirowa a ƙasar. Wani Bafaranshe masanin al'adu mai suna Jean Rouch ya daɗe yana ɗaukar fina-finai a yankin kogin Kwara, kuma ta hannunsa wasu samarin Nijar suka san kyamara. Daga cikinsu akwai Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indocina, wanda ya fito a fim ɗin Rouch mai suna "Moi, un noir" a 1958. Akwai kuma Mustafa Alhasan, wanda ya shirya "Aouré" a 1962, fim a kan al'adun aure.

Mustafa Alhasan ne ya fara sa Zalika a fim a 1966, tana da kimanin shekara 19. Sunan fim ɗin "Le Retour d'un aventurier", wato dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya komo gida da tsarabar kayan kaboyi irin na fina-finan Amurka, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika ita ce mace a cikin wannan gungu, sanye da wando da malafa. Manufar fim ɗin ita ce yin ba'a ga masu kwaikwayon baƙuwar al'ada ido rufe, amma abin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne budurwa cikin shigar maza.

4.0 Muhimman Fina-finanta

Mafi yawan ayyukanta ta yi su ne tare da Umaru Ganda. Ga kaɗan daga ciki:

(i) "Cabascabo" (1968). Labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indocina da kuɗi, ya ƙarar da su wajen abokan banza da matan bariki, har ya wayi gari babu mai kallonsa. An nuna fim ɗin a bikin fina-finai na birnin Kan a Faransa a 1969.

(ii) "Le Wazzou polygame". Kalmar "wazzou" ita ce wa'azi. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka, ya nemi auren yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, iyaye suka ba shi saboda dukiyarsa. Kishi ya kai ɗaya daga cikin matansa ga kisan kai, kuma bisa kuskure wata daban ta kashe ba amaryar ba. Wannan fim ne ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita.

(iii) "Saïtane" (1972), wato Shaiɗan. Ya soki malaman tsibbu masu fakewa da addini suna kashe aure don abin duniya.

(iv) "L'Exilé" (1980), fim na ƙarshe da Ganda ya kammala, wanda aka gina a kan tatsuniya game da cika alkawari.

Ban da waɗannan, ta fito a "FVVA" na Mustafa Alhasan a 1972, wanda sunansa yake nufin mata da motoci da gidaje da kuɗi, da "Aube noire" na Jingare Maiga a 1983, da kuma "Pétanqui" da aka shirya a ƙasar Kwaddibuwa a wannan shekara.

Idan ɗalibi ya lura, zai ga jigogin nan su ne dai na wasannin Hausa: auren dole, da kishi, da almubazzaranci, da yaudarar malaman tsibbu. Zai kuma lura cewa ba a iya yin gargaɗi a kan mugun hali sai an sami mai fitowa da shi. Zalika ta sha ɗaukar irin wannan nauyi, ta fito a matar bariki ko muguwar kishiya, a lokacin da samun macen da za ta yarda da haka yake da wuya ƙwarai.

5.0 Rayuwarta a Wajen Fim

A shekarun tashenta ta yi suna, ta halarci bukukuwan fina-finai a ƙasashe dabam-dabam a matsayin fuskar Nijar. A gida kuwa, ra'ayin jama'a ya rabu. Wasu suna alfahari da ita, wasu kuma suna ganin halin da take nunawa a majigi shi ne halinta na gaskiya. Sa wando da take yi a bainar jama'a, abin da ake ɗauka rashin kunya a wancan zamani, ya ƙara wa masu suka ƙarfi.

Daga shekarun 1980 harkar fim ta Nijar ta fara durƙushewa. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Farashin yuraniyom, wanda tattalin arzikin ƙasar ya dogara a kansa, ya faɗi, tallafin hukuma ya ragu. Fim na silima kuwa yana cin kuɗi, domin har wanke shi sai an kai Turai. Da fina-finai suka yi ƙaranci, sai 'yan wasa suka rasa aiki, ba su kuwa da fansho ko wani kaso da yake shigo musu daga ayyukan baya.

Wata 'yar jarida 'yar Nijar, Rahmatu Keita, ta shirya fim na gaskiya a kan rayuwar Zalika mai suna "Al'lèèssi", kalmar da take nufin ƙaddara, wanda ya fito a 2004. A ciki an ga tauraruwar jiya tana zaune da 'ya'yanta huɗu a gida mai ɗaki biyu a Yamai, cikin ƙuncin rayuwa. Fim ɗin ya ƙare da bayanin cewa a shekarar 2000 ta tafi ƙetare tana aikatau a gidajen mutane. Allah ya yi mata rasuwa a Yamai ranar 27 ga Yuli, 2021, tana da shekara 73.

6.0 Darussa ga Malamin Hausa

Na farko, ɗan wasa dabam, halin da ya fito da shi dabam. A ƙasar Hausa sunan wasa yakan danne na yanka. Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Umaru Ɗanjuma ya zama Kasagi. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta zama Biba saboda rawar da ta taka a "Ki Yarda Da Ni", fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Ga namiji irin wannan laƙabi yakan zama ado, amma ga mace yakan zama tabo, musamman idan a muguwa ta fito. Wajibi ne malami ya fahimtar da ɗalibai wannan bambanci tun kafin a raba matsayi.

Na biyu, malamin da zai shirya wasa a makaranta yana riƙe da amanar 'ya'yan mutane. Yarinyar da ta fito a karuwa ko muguwar kishiya a ranar bikin makaranta tana iya kwashe shekaru ana tsokanarta da sunan. Don haka ya kamata a nemi yardarta da ta iyayenta, a riƙa juya matsayi tsakanin ɗalibai, a kula da sutura, a kuma hana kiran kowa da sunan wasa bayan an tashi.

Na uku, suna ba ya maye gurbin tanadi. Hausawa sun ce zamani riga ne. Sana'ar da ba ta da yarjejeniya a rubuce, ba ta kuma kare haƙƙin mai aiki, tana iya yar da gwaninta ranar da ƙarfinsa ya ƙare.

7.0 Kammalawa

An ga yadda mata suka taka rawa a wasannin gargajiya ba tare da tsangwama ba, da yadda fim ya sauya wannan matsayi. An kuma bi rayuwar Zalika Sule daga 1966 zuwa rasuwarta, aka ga gudummawarta da irin sakamakon da ta samu. Al'ummar da take son wasa ya yi mata gargaɗi, ya kamata ta mutunta wadda ta ari mugun hali don a yi gargaɗin.

8.0 Auna Fahimta

1. Kawo wasannin gargajiya 3 da mata suke yi, ka bayyana abin da ake kwaikwaya a kowanne.
2. Me ya sa fim ya fi rediyo jawo wa 'yar wasa tsangwama?
3. Kwatanta jigon "Cabascabo" da na "Jatau Na Kyallu".
4. Kawo dalilai 3 da suka durƙusar da harkar fim ta Nijar.
5. An ba ka aikin shirya "Kulɓa Na Ɓarna" a makarantar sakandare. Waɗanne matakai za ka ɗauka don kare mutuncin ɗalibai mata da za su fito a ciki?