Labarin Garin Argungu da Gulbinsa

In muka duba taswirar Nijeriya wajen arewa maso yamma, za mu ga gulbin Rima ya gamu da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya yi kudu maso yamma, ya bi ta Birnin Kabi, ya je ya faɗa Kwara. A bakin wannan gulbi Argungu take, wajen mil 60 daga Sakkwato. Mutanen wurin kuwa Gulbin Kabi suke ce da shi.

To, abin lura a nan shi ne fadama. Tudun ƙasar rairayi ne, sai gero da dawa da wake. Amma da damina ta yi nisa sai gulbi ya cika ya malala, ya bar laka mai taushi, a nan ake noman shinkafar da Kabi ta yi suna da ita. In ruwa ya janye a shuka albasa, masunta su shiga tafkunan da ya bari. Amma fa ruwan nan ba kullum yake zuwa da daɗi ba. A 2020 ya yi ambaliya, ya cinye gonakin shinkafa masu yawa. Tun da aka gina madatsun Bakolori da Goronyo kuma, cikar gulbi ta koma hannun masu buɗe ƙofofin ruwa can nesa, manomin Argungu ba shi da ta cewa.

Yawancin mutanen Kabawa ne, masu tunƙaho da Kanta, wanda ya kafa mulkin Kabi a ƙarni na 16. Akwai Arawa da Fulani da Zabarmawa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen 200,000 a ƙaramar hukumar, watau garin da ƙauyukansa duka, kada mu ɗauka na cikin gari ne kaɗai.

Da masu jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, daga baya sarautar Kabawa ta zauna Argungu, aka yi ta gāba da Sakkwato har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka yi masa su don girmamawa. Asalin bikin da ake yi a Matan Fada ke nan, inda dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora.

Game da mulki, zamanin Turawa En'e ce ke riƙe da kome: haraji da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashin Sarkin Kabi, Di'o yana duba shi. Gyaran 1976 ya kawo ƙaramar hukuma, mai shugaba da kansiloli, ita ke da alhakin kasuwa da makarantun firamare da ɗakunan shan magani. A 1991 aka yanke Jihar Kabi daga Sakkwato, Argungu ta faɗa cikinta.

Sarki dai yanzu ba ya karɓar haraji, ba ya ɗaure kowa, amma hakimai da dagatai na nan, ta bakinsu ake raba rigimar gona. Sha'anin gulbi kuwa har yau akwai Sarkin Ruwa. Shi ke tsare Matan Fada, ba mai jefa homa a wurin sai ranar biki, don kifi ya sami girma.