Darasi na 12: Yadda Ake Rage Haushin Kare

Mutane suna kiwon kare domin gadi, ko farauta, ko sha'awa. Da haushi kare yake sanar da mai shi abin da ya gani ko ya ji. Amma idan haushin ya yi yawa, yakan hana maƙwabta barci, har ya jawo saɓani. Akwai kuma illar da ta fi wannan: idan kare ya saba yi wa kowa haushi, ranar da ɓarawo ya zo ba wanda zai fito ya duba.

Matakin farko shi ne gano dalili. Wani kare yunwa ko ƙishirwa ce take damunsa. Wani tsoro yake ji. Wani kuwa kaɗaici ne ya ishe shi, domin an ɗaure shi wuni guda a rana. Saboda haka a ba shi abinci a kan lokaci, a ajiye masa ruwa a inuwa, a riƙa fita da shi yawo safe da yamma. Karen da ya motsa jiki yakan kwanta ya huta. Idan masu wucewa yake yi wa haushi, a mayar da shi inda ba zai hangi titi ba.

Mataki na biyu shi ne horo. Kada a doke shi, kada a daka masa tsawa, domin duka yana ƙara masa tsoro, tsawa kuma tana zuga shi. A jira ya tsagaita, a ce masa “shiru” cikin natsuwa, nan take a ba shi ɗan nama. Idan aka maimaita haka kullum, zai gane cewa shiru yana da lada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a sa kwikwiyo ya saba da baƙi da ƙarar motoci kafin ya wuce wata 3.

Idan kare mai natsuwa ya fara haushi haka kawai, a kai shi wurin likitan dabbobi, mai yiwuwa ciwo ne yake damunsa.

Sababbin Kalmomi

kwikwiyo: ɗan kare
kaɗaici: zaman mutum ko dabba shi kaɗai
tsagaita: dakata na ɗan lokaci
saɓani: rashin jituwa

A lura: kalmar “haushi” tana da wata ma'ana, wato ɓacin rai. Misali: Maƙwabcinmu ya ji haushi.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suke sa kare yawan haushi.
2. Me ya sa ba a so a doki kare idan yana haushi?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin darasin.
4. Yi jimloli biyu da kalmar “haushi”, kowace da ma'anarta daban.