DARASI: YADDA RANGWAMEN HARAJI KE SAUKE FARASHIN SOLA

Darasinmu na wannan fitowa ya haɗa lissafi da kimiyya da ilimin zaman ƙasa, don haka a karanta a tsanake.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kunna janareta ya zama sai mai hali. Mai cajin waya a Tsafe, da tela a Gusau, da manomin rani a fadamun Bungudu da ke ɗebo ruwa da inji, duk sun ji a jikinsu. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta a Zamfara. Abin da ba kyauta ba shi ne farantin sola da batir da wayoyinsu. Nan ne haraji ya shigo cikin maganar.

Mene ne rangwamen haraji?

Haraji kuɗi ne da gwamnati ke karɓa don ta gina makarantu da asibitoci da hanyoyi. Idan tana son jama'a su rungumi wani abu mai amfani, takan rage harajinsa ko ta yafe gaba ɗaya. Wannan shi ne rangwame. Hanyoyinsa uku ne. Na farko, rage kuɗin fito da kwastam ke karɓa idan kaya sun shigo ƙasa. Na biyu, yafe harajin VAT da ake ɗora wa mai saye. Na uku, ɗaga wa sabon kamfani ƙafa na wasu shekaru kafin ya fara biyan harajin ribarsa.

Mu yi lissafi

A watan Fabrairu na 2020 aka ƙara VAT a Nijeriya daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Mu ƙaddara manomi zai sayi injin ban ruwa mai aiki da rana a kan naira 400,000. Idan da VAT, sai ya ƙara naira 30,000. Idan an yafe, wannan 30,000 ta rage a aljihunsa, ya sayi iri ko taki. Bayan haka kuma ya huta da sayen fetur kullum.

Me aka yi a Nijeriya?

A 2021 gwamnatin tarayya ta fitar da umarni wanda ya lissafa kayan makamashi mai sabuntuwa, irin na rana da iska, cikin waɗanda ba a biya wa VAT. A watan Oktoba na 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya sanar da yafe VAT a kan gas ɗin girki, da iskar gas ta motoci, da motoci masu amfani da lantarki, da kayan girki marasa hayaƙi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin duk gidan da ya koma girki da gas ya rage saran itace, kuma itatuwa su ne katangarmu daga hamada. Haka nan Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu, ke nan Zamfara ma tana da ta cewa.

Wasu ƙasashe fa?

Jamus ta mayar da VAT na sola a gidaje sifili tun Janairun 2023. Amurka ta yi doka a 2022 wadda ta bar mai gida ya cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin solarsa daga harajinsa, amma a 2025 wata sabuwar doka ta kawo ƙarshen wannan gata. Darasi a nan shi ne, rangwamen da ake bayarwa yau a janye gobe yakan sa 'yan kasuwa su ji tsoron zuba jari.

Ina gizo ke saƙa?

Yafe haraji a Abuja daban, saukar farashi a kasuwar Tsafe daban. Yawancin kayan sola daga waje ake kawo su, musamman daga Sin, kuma da dala ake sayowa. Idan dala ta hau, sai ta cinye rangwamen. Ga kuɗin mota daga Legas ko Kano zuwa Gusau. Sannan idan mai saye bai san an yafe haraji ba, ɗan kasuwa na iya riƙe rarar ya yi shiru. Kada mu manta kuma, duk naira da gwamnati ta yafe, naira ce da ba ta shiga asusun gina aji ba. Saboda haka dole rangwamen ya isa hannun talaka, in ba haka ba an yi asara biyu.

Shawararmu

Muna ganin ya kamata a riƙa sanar da irin wannan rangwame da Hausa a gidajen rediyo, domin rashin sani ya fi dare duhu. Ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu za su iya sassauta kuɗin shago ga masu haɗa sola da ke koya wa matasa sana'ar. Mu ɗalibai kuma mu kai labarin gida, mu gaya wa iyayenmu su tambayi farashi a shago biyu ko uku kafin su biya.

Aikin gida

Idan farantin sola naira 80,000 ne, nawa mai saye zai tsira da shi idan an yafe VAT na kashi 7.5? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.